Yadda Ɗan Wasa Zai Kafa Da'irar Tetris Na Da a Zangon Akara: Kayan Aiki, Horo, Littafin Maki da Gasa

A duk inda ake buga Tetris na da, wato gem ɗin jera bulo masu faɗowa daga sama a cike layi ya share, wanda ya fi kowa maki daban yake, wanda wasan ya tsaya a kansa kuma daban. Na biyun shi ne mutumin da ya tabbatar na'urar da aka buga a unguwar Nima da wadda aka buga a unguwar Madina gudunsu ɗaya ne, ya rubuta makin kowa da shaida, ya gyara hannun gem idan ya fara gardama, ya kuma zaunar da ƙananan yara ya koya musu gini. Idan babu shi, abin da za a samu a bes, wato majalisar hira, shi ne musu kawai: wannan ya ce ya yi dubu ɗari huɗu, wancan ya ce a na'urar bogi ya yi. Wannan jagora domin mai son ɗaukar wannan aiki ne.

Da farko, a tsayar da wane Tetris ake nufi

Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiri Tetris a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, kuma tun daga nan an fitar da nau'o'i barkatai. Wanda ake gasar duniya a kansa shi ne na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a na'urar NES a 1989. Filinsa gida 10 ne a faɗi, 20 a tsawo. Bulo iri bakwai ne, ana kiransu da siffar baƙaƙen boko: I, O, T, S, Z, J da L. Ba ya ba ka damar ajiye bulo a gefe, ba ya jefa bulo ƙasa lokaci guda, kuma bulo ɗaya kacal yake nuna maka a gaba. Wanda ya saba da Tetris na waya zai ga kamar an ɗaure masa hannu.

A nan ake yawan yin tuntuɓe. Kaset ɗin nan masu wasanni ɗari-ɗari da ke zuwa da na'urorin kwaikwayo sau da yawa Tetris na kamfanin Tengen ne a ciki. Gane shi ba wuya: yana da zaɓin mutum biyu su buga a allo ɗaya, na Nintendo kuwa ba shi da wannan. Na Nintendo yana buɗewa da zaɓin A-TYPE da B-TYPE, kuma a hagun allo akwai jerin bulo bakwai da adadin kowanne da ya faɗo. Na Tengen wasa ne mai daɗi, amma lissafin makinsa daban ne, don haka ba ya shiga shafi ɗaya da na Nintendo. Haka ma ƙaramin gem ɗin hannu mai baƙin allo da yawancinmu muka taso da shi.

Batun NTSC da PAL, wanda shi ne tushen komai

Kayan gwanjo da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema daga Amurka suke zuwa, da Ingila, da Jamus, da Holan, da Italiya, saboda haka a Akara za ka ci karo da nau'i biyu na wasan nan, kuma ba wasa ɗaya ba ne. Na Amurka, wato NTSC, yana zana hoto kusan sau 60 a sakan. Na Turai, wato PAL, sau 50. Kowane hoto ɗaya shi ake kira firem, kuma da firem ake auna duk wani motsi a wasan.

A NTSC bulo yana sauka gida ɗaya bayan firem 48 a lebul (matakin gudu) 0, firem 6 a lebul 9, firem 3 a lebul 16 zuwa 18, firem 2 daga 19 zuwa 28, sannan firem 1 daga 29 zuwa sama. Ma'ana a lebul 18 bulo yana ratsa filin duka cikin kimanin sakan ɗaya, a 29 kuwa cikin kashi ɗaya bisa uku na sakan. A PAL an sake lissafin: firem 36 a lebul 0, firem 2 a 16 zuwa 18, kuma tun daga 19 ake shiga firem 1. Wanda ya ce maka ya kai lebul 19, tambayar farko ita ce a wane nau'i.

Akwai hali na uku da ya fi yawa a wurinmu, kuma ya fi ɓata littafi: wasan NTSC a kan na'urar kwaikwayo mai gudun 50. Lambobin na Amurka ne, amma agogon na Turai, sai wasan ya yi nauyi da kashi ɗaya bisa shida. Lebul 18 da ya kamata ya sauka gida 20 a sakan sai ya sauka ƙasa da 17. Mai bugawa ba ya sani, yana ganin hannunsa ne ya faɗa.

Gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar komai sai agogon waya. Ka fara A-TYPE a lebul 0. Ka bar bulo na farko ya wuce, domin shi yana ɗan jira kafin ya fara sauka. Da na biyu ya fito, kada ka taɓa komai, ka ƙirga saukarsa gida goma. Idan ya ɗauki sakan 8, NTSC ne na gaskiya. Idan wajen 7.2 ne, PAL ne na gaskiya. Idan ya kai 9.6, wasan Amurka ne a kan na'ura mai gudun 50. Idan kuma sakan 6 ya yi, wasan Turai ne aka ɗora a kan gudun 60, abin da ke faruwa a kwamfuta idan ba a saita yanki daidai ba. Ka maimaita sau uku, ko ka ɗauka a bidiyo ka duba lokacin, saboda yatsa kan yi latti a kan agogo. Sakamakon ka rubuta shi a takarda ka manna a jikin na'urar.

Shawararmu ita ce da'ira ta zaɓi NTSC a matsayin babban shafi, domin a kansa ake babbar gasar duniya kuma yawancin darussan da ke intanet a kansa aka gina su. Idan na'urar PAL ce kaɗai a hannu, a buga ta, ita ma tana da nata gwanaye a Turai. A dai raba shafi.

Sayen kaya da wutar da za a ba su

A bayan na'urar Amurka za ka ga NES-001, ta Turai kuma NESE-001. A jikin kaset akwai lamba mai ƙarewa da USA, ko UKV na Ingila, ko NOE na Jamus. Na'urar tana da guntun tsaro da ke ƙin kaset ɗin wani yanki, kuma Turai kanta kashi biyu ce: Ingila da Italiya a gefe guda, Jamus da Faransa da sauransu a ɗaya gefen. Idan yanki bai dace ba, jar fitilar gaba za ta yi ta ƙiftawa, allo yana kunnuwa yana mutuwa. Don haka kada ka sayi kaset a Circle ka sayi na'ura a Lapaz ba tare da ka haɗa su ka gani da idonka ba.

Wutar Gana bolt 230 ce. Adaftar da ke zuwa da na'urar Amurka ta bolt 120 ce, kuma idan ka soka ta a bango kai tsaye ta ƙone. Hanya biyu ce: ko taransifoma mai rage wuta zuwa 110, ko ka ajiye adaftar gefe ka nemi wadda ke karɓar 230 ta fitar da bolt 9, amfiya ɗaya ko sama da haka. Ta biyun ta fi sauƙi, kuma masu kayan lantarki a Zongo Lane suna da irinta. Ka tafi da na'urar domin a gwada bakin. NES tana karɓar AC da DC duka, saboda tana da abin daidaita wuta a cikinta. Famicom, wato NES ɗin Japan, da yawancin na'urorin kwaikwayo DC kawai suke ci, kuma idan ka ba su adaftar NES ta asali mai fitar da AC za ka lalata su. Ka sa wa kowace adafta alama da fenti ko salatif mai launi, domin ranar gasa hannaye da yawa ne ke taɓa wayoyi. Wutar bango mai 50 ba ta rage gudun na'urar Amurka, domin agogonta a cikinta yake.

Talabijin mai ƙeya, wato na da mai kwalba, shi ne ya dace. Filasma tana sarrafa hoton kafin ta nuna, sai a samu jinkiri tsakanin latsawa da gani, kuma a lebul 19 jinkirin firem uku ya isa bulo ya wuce gida ɗaya da rabi kafin ka gan shi. Inci 14 ya wadatar, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi cin wuta kaɗan. Ka nemi wanda aka rubuta yana karɓar NTSC da PAL duka. Wanda PAL kaɗai ya sani zai nuna maka na'urar Amurka baƙi da fari, ko hoton ya yi ta birgima. Haɗi ta wayar AV ne: rawaya hoto, ja sauti. Kada kowa ya buɗe bayan irin wannan talabijin sai mai gyara, domin kwalbar tana riƙe wuta mai kisa ko an zare ta daga bango.

Gyaran da za ka riƙa yi da kanka

Iskar teku a Akara tana sa tsatsa, hunturu kuma yana kawo ƙura, kuma su biyun haƙoran kaset suke ci. Hura kaset da baki, wanda kowa ya gada, danshi yake ƙara masa. Ka samu sifirit mai ƙarfi irin na goge kayan lantarki da audugar goge kunne, ka jiƙa kaɗan, ka goge haƙoran gaba da baya har auduga ta daina fitowa baƙa, ka bar shi ya bushe minti biyar. Idan fitila ta ci gaba da ƙiftawa bayan kaset ya yi tsaf kuma yanki ya dace, matsalar tana bakin da ke karɓar kaset a cikin na'ura, mai haƙora 72. Haƙoran sukan saki saboda yawan danna kaset ƙasa. Ana cire shi a wanke, ko a ɗaga haƙoran kaɗan da allura, ko a sa sabo. Sababbin sukan matse kaset da yawa, shi ya sa gyara na asali ya fi.

Hannun gem sukurori shida ne a bayansa. A ciki akwai roba mai baƙin ɗigo a ƙarƙashin kowane maɓalli, da allo mai guntu ɗaya. Idan hagu ko dama ya fara ƙin amsawa, ka goge wurin da baƙin ɗigon ke taɓawa a kan allo da sifirit, ka goge robar a hankali. Idan robar ta yage, sai sabuwa. Idan duk maɓallan ne ke ɗaukewa suna dawowa, waya ce ta karye daga ciki, galibi a daidai inda ta fito daga jikin hannun, saboda naɗe ta da ake yi da ƙarfi. Wasu na'urorin Turai ba sa karɓar hannun Amurka, ko da bakin ya shiga daidai, don haka a gwada kafin a ce hannu ya mutu.

Wanda ba shi da na'ura zai iya horo a kwamfuta da manhajar kwaikwayo irin Mesen ko FCEUX, da hannun USB mai waya. Bulutut yana ƙara jinkiri. Akwai kuma TetrisGYM, gyaran da 'yan wasa suka yi wa wasan domin horo, wanda ke ba ka damar fara kowane lebul, da maimaita yanayi mai wuya, da sa mutum biyu su samu jerin bulo iri ɗaya. Ana ɗora shi ne a kan kwafin wasan da ka ciro daga kaset ɗinka. Makin kwamfuta shi ma shafinsa daban.

Abin da za ka koya wa sababbi, da jerin da za ka bi

Ka fara da lissafi, domin shi ke canza tunani. Layi ɗaya maki 40 ne, biyu 100, uku 300, huɗu a lokaci guda 1,200, sai a ƙara ɗaya a kan lambar lebul a ninka kowanne da abin da ya fito. A lebul 18 layi huɗu tare 22,800 ne, amma idan ka share su ɗaya-ɗaya 3,040 za ka samu. Tun da yawan layukan da ka share shi ke tura ka zuwa gudun da ba za ka iya ba, kowane layi da ka ƙona shi kaɗai asara ce. Wanda ya fara a 18 zai shiga 19 a layi 130, daga nan lebul yana ƙaruwa duk layi goma, har ya kai 29 a layi 230. Wanda ya fara a 19 sai layi 140 zai ga canjin farko, wanda ya fara a 9 kuma layi 100. Allon zaɓi 0 zuwa 9 kawai yake nunawa. Idan ka riƙe A ka danna START, an ƙara goma a kan wanda ka zaɓa.

Sai gini. A bar layin tsaye na ƙarshe a dama babu komai, shi ne rijiya, a gina sauran tara. Dalilin dama ba al'ada ba ce kawai: sanda, wato I, idan ta miƙe tsaye tana buƙatar matsi huɗu ta isa bangon dama, biyar ta isa na hagu. Saboda wannan dalilin ne kuma hagu ya fi wuyar kai kaya idan gini ya yi tsawo, don haka a riƙa cika hagu da wuri, tsakiya ta kasance a kwance, kada ta yi tudu, domin daga tsakiya bulo ke fitowa. Kuskuren sababbi na farko shi ne haƙa rami mai zurfin gida uku a cikin ginin, wanda sanda kaɗai ke cike shi. Yanzu sanda biyu kake jira maimakon ɗaya.

Kuma sanda ba ta da alƙawari. Wasan yana zaɓar bulo ne kusan da ka, abin da kawai yake yi shi ne ya sake jefa ƙuri'a sau ɗaya idan bulon da ya fito irin na baya ne. Ana iya yin bulo ashirin, talatin, ba a ga sanda ba. Wannan shi ne fari. Ka koya wa yaro cewa idan gini ya kai rabin fili kuma sanda ba ta cikin akwatin gaba, ya ƙona layi ɗaya ko biyu daga sama da J ko L, ta yadda ba zai toshe rijiya ba, ko kuma toshewar ta buɗe da an share layin. Mai taurin kai da ke jira har sama shi ke mutuwa da rijiya a buɗe.

A yana juya bulo ta hannun agogo, B yana juya shi baya. Wanda ke amfani da A kaɗai yana danna sau uku inda sau ɗaya ya isa. Ka hana wannan tun a makon farko, domin idan hannu ya saba da wuya ya bari. A nan bulo ba ya ture kansa daga bango idan ya juya: in babu wuri, juyin ba zai yiwu ba.

Sai motsi gefe, inda salon wasa ya rabu uku. Na farko riƙewa ne, wanda ake kira DAS. Idan ka riƙe hagu ko dama a NTSC, bulo yana matsawa gida ɗaya nan take, ya jira firem 16, sannan ya riƙa matsawa duk firem 6, wato sau goma a sakan. A PAL 12 ne da 4. Gwanintar ita ce kada ka biya wannan jiran na 16 a kowane bulo. Tsakanin zaman bulo da fitowar na gaba akwai ɗan tsaiko na firem 10 zuwa 18, kuma a cikinsa ma'aunin riƙon ba ya gogewa. Idan ka danna ɓangaren da kake so a wannan tsaikon ka riƙe, sabon bulo zai fito da gudunsa. Idan ka yi latti ka danna bayan ya fito, ma'aunin ya koma sifili, bulon ya maƙale a tsakiya. Tura bulo jikin bango ko jikin gini kana riƙe da maɓallin yana cika ma'aunin nan take, kuma da haka ake farfaɗowa bayan an rasa shi. Jonas Neubauer, wanda ya ci gasar duniya sau bakwai kafin rasuwarsa a 2021, da wannan salon ya yi.

Na biyu shi ne ɓarin yatsa a kan maɓalli fiye da sau goma a sakan. Da shi Joseph Saelee ya doke Neubauer a 2018 yana ɗan shekara 16. Na uku, wanda Christopher Martinez ya fito da shi wajen 2020, shi ne ka ɗora yatsa ɗaya a kan maɓalli ba tare da ka danna ba, ka riƙa buga bayan hannun gem ɗin da yatsun ɗaya hannun bi da bi, kamar mai kiɗan kalangu, sai hannun gem ɗin ya riƙa tura kansa jikin yatsan. Ana wuce matsi ashirin a sakan da haka, kuma shi ya mayar da lebul 29 wurin wasa bayan shekaru ana ɗaukarsa ƙarshen hanya. Da shi Willis Gibson, ɗan shekara 13, ya kai lebul 157 a Disambar 2023 har wasan ya daskare, Michael Artiaga kuma a 2024 ya wuce lebul 255 ya koma 0 a kan kwafin da aka gyara domin kada ya daskare.

Yara za su ga bidiyon waɗannan su ce da salon na uku za su fara. Kada ka yarda. Saurin hannu ba ya gyara mugun gini, yana dai kai bulo wurin da bai dace ba da wuri. A fara da lebul 5 zuwa 9 har mutum ya iya layi 100 ba rami, sannan 12, 15, sannan 18. Ma'aunin ci gaba shi ne kason layukan da aka share huɗu-huɗu: wanda ya yi layi 100 da sanda 15 a rijiya, layi 60 ke nan, kashi 60 cikin ɗari. Wannan lamba ta fi maki nuna gaskiyar ɗan wasa. Ɓarin yatsa kuma yana gajiyar da wuyan hannu. Wanda ya ji zafi ko mutuwar yatsa ya tsaya, ya huta kwanaki.

Littafin maki

Littafi mai bango mai ƙarfi, da biro, da kwafi a waya. Kowane maki a rubuta kwanan wata, sunan wasa na mai shi, nau'in wasa, na'urar da aka yi amfani da ita, irin talabijin, lebul ɗin farawa, adadin layuka, maki, salon hannu, da sunayen shaidu biyu. Sunan wasa ya isa, ba a buƙatar cikakken suna ko lambar waya a shafin da kowa ke gani. Mai riƙe da littafi ba ya shaidar makin kansa, kuma idan nasa ne ake musu a kai, wani ne ke yanke hukunci.

Duk makin da zai hau goman farko sai da bidiyo. Ka kafa waya a bayan kafaɗar mai bugawa ta yadda allo da hannayensa za su fito tare. A fara ɗauka tun daga allon zaɓin lebul har zuwa mutuwa, ba yanka, ba tsayarwa. Idan ka ga baƙin layi yana yawo a hoton talabijin, ka saita kyamara a firem 60 ko 30 ga NTSC, 50 ko 25 ga PAL. Fitilar ɗaki mai bin wutar 50 tana iya sa hoton ƙyalli, sai a kashe ta a buɗe taga. Mai kwamfuta zai iya ɗaukar hoton kai tsaye da ƙaramar na'urar USB mai karɓar AV da manhajar OBS, amma ya raba wayar hoto da abin rabawa mai wuta, domin mai rassa biyu kawai yana dusashe hoton a duka ɓangarorin. Ko da hakan, kyamarar hannu tana nan, domin ita ke nuna mutum ne ya buga. A kaset na asali ƙidayar maki tana tsayawa a 999,999, makin da Harry Hong ya fara tabbatarwa da shaida a 2009. Ranar da wani ya kai nan, sai a rubuta layin da ya kai a kansa.

Yaron da bai balaga ba, ba a sa fuskarsa a intanet sai da izinin iyayensa. Ka je gidan da kanka, ka gaida Alhaji ko Hajiya, ka nuna musu abin da ake yi da lokacin da ake yi.

Shirya gasa

Tun da wasan ba shi da zaɓin mutum biyu, na'ura biyu da talabijin biyu ake jerawa, kuma dole su ci gwajin sakan 8 su biyun. Gasar duniya, wadda aka fara a 2010 a Los Anjalas, tsarinta mai sauƙi ne kuma ya dace da mu: a fara tare a lebul iri ɗaya, wanda ya fi maki ya ci. Wanda ya mutu da farko bai faɗi ba tukuna. Idan shi ke gaba, ɗayan zai ci gaba har ya wuce shi ko shi ma ya mutu. Wannan ƙa'ida a bayyana ta da babbar murya kafin a fara, domin sababbi suna ɗauka wanda ya daɗe shi ya ci, sai su koma ƙona layi ɗaya-ɗaya.

Ga mutum goma sha shida, a ba kowa wasa uku na share fage, a ɗauki mafi kyau, a jera su. Takwas na sama rukuni ɗaya, takwas na ƙasa rukuni ɗaya, na ɗaya ya kara da na takwas, na biyu da na bakwai. Rukunin sama su fara a 15 ko 18, na ƙasa a 9. Wanda ya ci biyu cikin uku ya wuce, wasan ƙarshe uku cikin biyar. Ka ware kamar rabin awa ga kowane karo, kuma ka tsara jadawali a kan lokutan salla: share fage da hantsi, zagayen farko bayan azahar, na ƙarshe bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Asabar da Lahadi da safe yara da yawa suna makaranta, don haka rukuninsu ya koma yamma. 'Yan mata su samu nasu lokaci da wata babba a wurin, in ba haka ba iyaye ba za su bari ba, kuma da gaskiyarsu.

Kuɗin shiga, idan akwai, na wuta ne da gyaran kaya, a rubuta shi sidi da fesuwa a bayan littafi. Kyauta ta fito daga mai tallafi, ba daga aljihun masu karawa ba, kuma ba a ɗora kuɗi a kan wani ɗan wasa. Ranar da caca ta shiga, mai ɗakin da ya ba ku aro zai karɓi makullinsa.

Dumso kuma, wato ɗauke wuta, a yi masa doka tun kafin ya zo. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar karo, a sake wasan daga farko, sai dai idan ɗaya ya riga ya mutu kuma ɗayan ya wuce makinsa a bidiyo. Idan akwai UPS, wato na'urar ajiyar wuta mai batir, ka duba wat ɗin da aka rubuta a bayan kowane talabijin ka haɗa, ka tabbata bai wuce ƙarfinta ba, ka kuma kunna talabijin ɗin ɗaya bayan ɗaya, domin mai ƙeya yana jan wuta da yawa a sakan na farko. Idan hannun gem ya lalace ana cikin wasa, mai shi ya ɗaga hannu nan take, alƙali ya gwada shi a gaban kowa a lebul 0. In da gaske ya lalace, a sake wasan da wani hannun. In lafiyarsa ƙalau, makin ya zauna yadda yake.